Mai Gora Cikin Riga

Mu ba sanyi ne yake tara mu a bakin wuta ba. Wane sanyi a Makka? Gyaɗa ce. Kakata Iya Delu, mahaifiyar babana, gyaɗa take soyawa da rairayi tana sayarwa a bakin hanyar Mansur, kuma ba ta suya sai rana ta faɗi, don ta ce ba za ta haɗa wa kanta wuta biyu ba. Ana idar da magariba za ta kafa kaskonta a tsakar hoshi, wato filin da aka kewaye muka kakkafa bukkokinmu na garwa da buhu a ciki. Mu yara mu zo mu tsuguna wai taya ta murza ɓawo, alhali abin da ke shiga baki ya fi wanda ke shiga faifai. A lokacin ko azumi ban fara ba. Ana ta zancen yaƙin Turawa, alhazai sun yi ƙaranci, hatsi ya yi wuya.

Ni "Angona" take ce mini, tsokana irin ta kaka da jika. In na miƙa hannu cikin kasko sai ta doke shi da sakaina ta ce, "Wannan miji, ba cefane sai ci. Gobe alƙali zai raba mu." Ni kuma in ce mata wa zai kwashi tsohuwa mai warin hayaƙi in ba ni ba.

Sauran kakanni a hoshin suna yin tatsuniyar kura da dila. Iya labari ɗaya gare ta, labarin hanya: yadda ayarinsu ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa bayan zuwan Nasara, suka yi shekaru suna tafiya suna yada zango suna ƙwadago, har Allah ya kawo waɗanda ya kawo. Kuma ba faɗarsa take yi ba, rera shi take yi, a hankali, murya ƙasa-ƙasa. Sakainar da take juya gyaɗa da ita ce gangarta. Ta tura rairayi, ta jawo, ta tura, ta jawo, kowane layi ya zauna daidai a kan wannan ƙarar. Kafin ta fara kuwa sai ta roƙa:

"Allah ara mini harshe, nawa ya gaji,
In kira mutanen da hanya ta riƙe."

Abin da ke ba ni haushi, ba ta taɓa farawa daga farko ba. Yau za ka ji su tsamo-tsamo a tsakiyar kogin Shari, gobe suna cirar auduga a Sudan, sai can an yi nisa wani a cikin ayarin ya zauna ya ba da labarin yadda aka baro gida. Wata rana na ce, "Iya, ki faro mana daga Kano mana!" Ta harare ni ta ce, "Kai da aka haife ka, daga farkon duniya ka faro? A tsakiya ka faɗo, ka tarar ana yi. Rufe mini baki."

Akwai layukan da ba sa canzawa. Duk safiyar da ta zo a cikin waƙar, ko ta daɗi ko ta baƙin ciki, haka take shigowa:

"Gari ya waye, jaki ya yi kuka,
Kowa ya ɗaure, kowa ya ɗauka."

Nan ne namu wurin, sai mu amsa gaba ɗaya da ƙarfi har maƙwabta su yi mana tsawa. Sannan ba ta sakin sunan mutum tsirara. Kowa da kirarinsa, kuma da shi zai ta yawo har ƙarshen waƙa. Tanko maƙeri mai dariya da toka. Malam Ilu mai allo biyu. Jatau ɗan Gaya, ba ya ci shi kaɗai. Ko barci Tanko yake yi, mai dariya da toka ne. Wani dare takan jero su duka, gari-gari, gida-gida, wa ya fito da jaki, wa ya fito da goyo, har ƙananan cikinmu su ɓingire da barci. Ba ta tsallake ko ɗaya.

Mutum ɗaya ne yake da kirari biyu, shi ne Mamuda. A farkon hanya "Mamuda gadar yara" ne, don shi ya riƙa ɗora yaran ayari a wuyansa yana haye kogi da su ɗaya bayan ɗaya, ruwa har haɓarsa. Kirarin na biyu a dajin da ke gabas da garin Fashir na ƙasar Sudan ya same shi.

Ga yadda take ba da shi. Mutanen wannan ƙasa ba su da rijiya, cikin kukoki suke tara ruwan damina, su rarake bishiyar ta zama randa. An gaya wa ayarin cewa akwai kukoki a gaba, don haka suka shiga dajin da ɗan abin da ke salkunansu. Ruwa ya ƙare, suka daure, suka isa. Maza suka hau kukokin. A nan Iya takan rage sauri ta ce: kamar yadda mace ke buɗe rumbu a tsakiyar damina, ta zura hannu har kafaɗa, ta laluba nan ta laluba can, yara na tsaye a ƙasa da ƙwarya suna kallon fuskarta, ta zaro hannun ba komai sai ƙaiƙayi, ta rasa da wane ido za ta dube su, to haka mazanmu suka sauko daga kan kukokin. A ranar wani yaro ya faɗi, wanda waƙar ke kira "yaron nan mai jan jaki". Aka bi mutane ɗaya-ɗaya ana roƙon ko ɗigo ne a jiƙa masa harshe. Kowa ya rantse babu, Mamuda ma ya rantse. Yaron bai kai safiya ba. Da maza suka sunkuya tonon kabari, sai gora ta zame daga cikin rigar Mamuda ta faɗo ƙasa, kowa ya ji motsin ruwa a cikinta. Daga wannan layin har Jidda, sunansa "Mamuda mai gora cikin riga". Sai Iya ta ja sakaina ta ce gari ya waye, jaki ya yi kuka, mu kuwa mu amsa muna dariya, ba mu san komai ba.

To, wannan Mamudan ba a kabari yake ba. Yana nan da ransa, ƙato, fari tas da rawani irin na mutanen Makka, ya koma Shekh Mahmud. Hoshin da muke zaune nasa ne. Gidansa na dutse mai tagogin katako yana kallonmu. In alhazan ƙasarmu sun zo, ta hannunsa suke bi, kuma babana a ƙarƙashinsa yake aiki, yana yi musu jagora zuwa Arfa da Muzdalifa.

Waƙa kuwa ba ta da linzami. Yaran unguwa suka ɗauki layin suka fita da shi titi, suna tafi suna rerawa a bayan ɗan autan Shekh in zai je makaranta. Wata magariba, gyaɗa ta fara ƙamshi ke nan, sai ga shi da kansa ya shigo hoshin, bara na riƙe masa fitila. Maza suka miƙe tsaye. Iya ba ta ko ɗaga kai ba.

"Hajiya Delu, aib," in ji shi. "Aib alaiki, abin kunya ne. Da girmanki ki zauna kina koya wa yara zagin manya?"

"Sannu da zuwa, Mamuda," in ji ta. Duk Makka ita kaɗai ce take kiransa haka. "Wa na zaga? Mai kaza a aljihu dai ba ya jimirin as."

"Abin da ya wuce ya wuce. Na yi hajji ba adadi, na tuba tsakanina da Ubangijina. Ki bar mini kirarin kogin, shi ma ai ni ne. Wancan ki cire shi. Halas."

"Na kogin yana nan, ban taɓa rage maka shi ba. Na dajin ma yana nan. Ni na sa maka gorar?"

Ya juya wajen babana, ya daina Hausa ya koma Larabci zalla, wai don kada tsohuwa ta samu bakin amsawa. Ya ce ko a cire layin nan, ko mu kwashe garewaninmu kafin watan aikin hajji ya kama, kuma kada ya ga ƙafar babana a wurin alhazansa. Ya shuri takalmansa ya fita.

Babana, Garba, mutum ne mai sanyi, ban taɓa jin ya ɗaga wa uwarsa murya ba. Ya durƙusa a gefen kaskon ya ce, "Inna, 'yan kalmomi ne fa. Ki tsallake su, wa zai sani?"

Ta ce, "To saurara." Ta ja sakaina ta rero layin, da ta zo wurin ta yi shiru, sakainar ta tafi ita kaɗai cikin rairayi. "Ka ji? Ɗingishi take yi."

"Ki sa wata kalmar a wurin, Inna. Ki ce mai rawani, ki ce mai dogon gemu, duk abin da ya cika."

Sai ta ajiye sakainar. Ban taɓa ganin ta ajiye ta gyaɗa na kan wuta ba. Ta ce, "Garba, ina da bakin kiran sunansa ne? Yana raye ban kira ba. Da ya tafi ban yi kukansa a gaban mutane ba. Kabarinsa ko yau ka kai ni dajin ba zan gane ba. Wuri ɗaya na samu na ajiye shi, a cikin rigar wanda ya hana shi ruwa. In na cire, nuna mini inda zan sa shi."

A daren mahaifiyata ta gaya mini abin da manya duk suka sani. Yaron nan mai jan jaki ɗan farin Iya ne, wan babana. Mace irin ta zamaninsu ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna nata ne, ko ciwo yake yi sai dai wata ta ɗauke shi. Kunyar nan ba ta sake ta ba har bayan ransa. Wallahi tun daga ranar ban sake iya dariya a wurin jaki ya yi kuka ba.

Babana ya ce mata, "Na sani, Inna. Amma masu rai fa? Ga yara." Ta ce gaskiyarsa, ya zauna da iyalinsa, ita za ta ɗauki kaskonta ta hau dutsen bayan unguwa ta zauna, ai wadda ta taka daga Kano ba hawan dutse ne zai kashe ta ba. Da safe muka ji babana yana ɓamɓare garewanin bukkarmu.

Daren ƙarshe a hoshin, Iya ta juya kaskonta ya fuskanci tagogin Shekh. Matar da kullum take rerawa ƙasa-ƙasa, ranar ta saki murya, har masu shayi a bakin titi suka yi tsit. Daga kukoki ta fara. Muka ga an rufe tagogin ɗaya bayan ɗaya, ita kuwa ba ta fasa ba sai da gyaɗar ta soyu.

Kada wani ya ce muku abin ya zo da sauƙi. Muka koma can saman dutse, inda ba inuwa sai ta kunama. Babana ya koma ga-ruwa, garwa biyu a sanda, yana hawa yana sauka har kafaɗarsa ta yi kanta. Mahaifiyata ta daɗe ba ta yi wa Iya magana in ba gaisuwa ba. Ni kaina na ji haushinta, in ƙishi ya kama ni da rana sai in ce a raina duk taurin kan tsohuwar nan ne ya jawo mana. Amma da magariba ta yi, ga ni a bakin kasko.

Na zama saurayi ina shiga wata makarantar yamma, inda wani malami Bamisire yake koya mana ma'aunin waƙar Larabci. Mutum ne mai son hira. Wata rana bayan darasi ya rage murya ya ba mu labarin mutanen Yunan, wato Girka, na dā can, kafin Annabi Isa. Ya ce suna da dogayen waƙoƙi na yaƙi da na tafiyar teku, waɗanda mawaƙi zai kwana yana rerawa da ka. Babu amsa-amo a ƙarshen layi irin na Larabawa, amma kowane layi ƙafa shida yake takawa, ba ƙari ba ragi. Mawaƙin yakan fara da roƙon abin bautarsu ya ba shi baki. Ba ya farawa daga farko, tsakiyar rikici yake jefa ka. Yakan tsaya ya jero jiragen ruwa da garuruwan da suka fito da shugabanninsu har ka gaji. Ana tsakiyar yaƙi sai ya kawo kwatance mai tsawo, na makiyayi ko na mace a bakin aikinta, har ka manta da yaƙin, sannan ya dawo da kai. Wayewar gari layinta ɗaya kullum. Kuma kowane jarumi da laƙabinsa manne da sunansa, ko ya dace da wurin ko bai dace ba.

Ni dai sai na ji kamar waƙar Iya yake siffantawa. Na ce, "Ya Ustaz, laƙabin nan, me ya sa ba sa canza shi?" Ya ce a ganinsa ciko ne. Mai rerawa da ka yana bukatar abin da zai cike ƙafar layi ba tare da tunani ba, kafin ya tuno abin da ke gaba.

Na hau dutse da gudu na kwashe duka na gaya wa Iya. Lokacin idonta ya yi rauni, ƙanwata ce ke juya gyaɗar, amma sakainar tana hannunta tana buga ta a gwiwa. Ta yi dariya har da tari. "Ikon Allah! Ashe arnan ma sun yi tafiyar ƙasa. Su ma sun binne nasu a hanya, Angona, in ba haka ba wa zai zauna jero sunaye?" Da na faɗi maganar ciko, na zaci za ta yi faɗa. Sai ta ce, "Malaminka bai yi ƙarya ba. Tanko mai dariya da toka, sau nawa na huta a kansa ina neman numfashi? Kirari wurin hutawa ne. Amma ka tambaye shi, kafin ya zama wurin hutawa, wa ya zaɓe shi, kuma me ya gani? Mai waƙa ba ya tsintar kirari a bola."

Ba a daɗe ba bayan wannan, wata la'asar sakaliya, muka hango ana tallafo wani tsoho ana hawa da shi dutsen, yana tafiya yana tsayawa. Shekh Mahmud ne. Ya rame, rawanin ya yi masa yawa. Babana ya shimfiɗa masa tabarma don babana ba ya iya wulaƙanta mutum. Da numfashinsa ya dawo, da Hausa ya yi magana, Hausar Kano tsantsa, ba ko kalmar Larabci.

"Delu, duk sun ƙare. Daga ni sai ke. 'Ya'yana ba sa jin Hausa, in na ce musu Innata, sai su yi mata addu'a da Larabci su tashi. Jiya na nemi fuskarta na rasa. Ki yi mini wurin Innata."

Uwarsa tana cikin waƙar. Ta-Sallah mai tafasa, uwar marayun ayari, wadda zazzaɓi ya kashe a bakin teku ana jiran jirgi.

Iya ta ce, "Ba a yanka ta, Mamuda, ba tsire ba ce. In za ka ji, daga kogi za ka ji, kuma hanyar teku ta kukoki ta bi."

Can ya ce, "Yi."

Ta buga sakaina a gwiwa ta fara. Ta ba shi koginsa cikakke, yadda ya shiga ya fita, ya shiga ya fita, yara na riƙe da kunnuwansa, har na ga tsohon yana murmushi. Sannan ta shiga daji. Na zuba mata ido, ina cewa yau kam za ta sassauta, ga mutum a gabanta ƙafa ɗaya a kabari. Ina! Da ta iso wurin, ta juyo da makafin idanunta daidai inda yake zaune ta faɗe shi ɓaro-ɓaro, ta kuma ci gaba da faɗarsa duk inda sunansa ya faɗo. Bai tashi ba. Da aka zo kan Ta-Sallah ya rufe fuska da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa. Ta kai su Jidda, ta ajiye sakaina.

Ya ce, "Haka aka yi."

Ta ce, "Na san haka aka yi." Sai ta juyo wajena. "Angona, baƙo ya hau dutse. Ba shi ruwa. Ka cika kwanon."

Ruwan da babana ya hau da shi a kafaɗa ne. Na cika kwanon na miƙa masa, ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana kallonsa kafin ya sha.

Yanzu na girmi Iya ta wancan lokacin. Na sha jin masu cewa in ka yafe sai ka manta, in ba ka manta ba to ba ka yafe ba. Ni ban yarda ba, don na ga matar da ta shayar da mutum ba ta kuma goge masa ko harafi ba. Ko ta yafe masa a ranta, ban tambaye ta ba, ba hurumina ba ne. Abin da na gane shi ne, mai ƙarfi yana iya tashinka daga fili, yana iya canza sunansa da rigarsa da harshensa, amma abin da ya aikata ba nasa ba ne shi kaɗai da zai ce a share, akwai rabon wanda aka yi wa. Jikokin Shekh mutanen kirki ne, muna gaisawa a masallaci, na je sunan 'ya'yansu. Nawa jikokin da Larabci suke amsa mini, rabin waƙar sai na fassara. Duk da haka ina yi musu ita, kuma in na iso kukoki ba na rage murya.